Harajin Gida Da Kuɗin Ginin Makaranta: Shawarar Kwamitin Ilmi Kafin Ranar Ƙuri'a

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a madadin Kwamitin Ilmi na ƙungiyarmu a babban taron da ya gabata. An buga shi ne domin waɗanda ba su sami halarta ba, musamman iyayenmu mata, su karanta ko a karanta musu kafin ranar ƙuri'a.

 

Kamar yadda kuka sani, a taron baya an ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya duba maganar ƙarin azuzuwa a makarantar firamare ta unguwarmu. Shawarar da ke gabanmu ita ce a gina aji huɗu da makewayi, a kewaye makarantar da katanga, a karɓi rancen kuɗin aikin yanzu, sa'an nan kowane gida ya riƙa ba da wani abu duk wata har shekara uku domin a biya. Idan Allah ya kai mu taro mai zuwa, kowa zai jefa ƙuri'arsa, ko i ko a'a.

To, sai ga shi maganar ta zo daidai lokacin da aka rarraba mana takardun harajin gidaje, kuma da yawanmu sun ga kuɗin da aka rubuta musu ya ɗara na da. Shi ya sa tun daga bakin masallaci har rumfunan Kasuwar Kure, tambayar da ake yi mana guda ce: ina dalilin da za mu biya hukuma, mu kuma sake biyan ƙungiya, a kan makarantar da ta hukuma ce? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba mu zo nan don mu rufe bakin mai yin ta ba. Mun zo ne mu ɗora kayan biyu a sikeli a gabanku.

Abin Da Muka Gani A Makaranta

Gani ya kori ji. Mun je makarantar har sau uku, biyu da safe, ɗaya da yamma lokacin da 'yan Islamiyya ke amfani da azuzuwan. A aji biyu na firamare mun fara ƙirga yara, da muka wuce tamanin sai muka bari, domin wasu suna zaune a bakin ƙofa, wasu a kan taga. Alhali kuwa tsarin ilmi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35. Malamar ajin, Allah ya saka mata, muryarta ta dushe tun kafin a tashi tara. Akwai aji guda da iska ta yaye kwanonsa tun daminar bara, yaransa suna gindin mangwaro, in hadari ya taso sai a sallame su.

Cunkoson nan yana da dalili. Minna ta yau ba ita ce Minnar da ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976 ba. Gari ya miƙe daga Bosso har Chanchaga, daga Maitumbi har Kpakungu. Bayan haka ga 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi, sun kama ɗaki ɗaya ɗaya a cikinmu, kuma 'ya'yansu ma ajin suke nema. Maganar katanga kuwa ba sai mun tsawaita ba. Duk ɗan jihar nan yana tune da abin da ya faru a Kagara da Tegina a 2021, da kuma Papiri a 2025. Katanga ba ta tare ƙaddara, amma tana hana babur ratsa filin wasa, tana hana yaro sulalewa kasuwa, tana kuma sa a san wanda ya shigo.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar makewayi. Iyaye mata sun gaya mana cewa yarinya in ta fara girma, rashin wurin kewayawa kaɗai ya isa ya sa ta ƙi zuwa. Daga fashin kwana biyu sai na mako, daga nan sai tiren talla.

Kukan Masu Gidaje Gaskiya Ne

Yanzu mu juya ɗaya ɓangaren sikelin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, babu magidancin da bai ji a jikinsa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, mu kuwa yawancinmu ba ma albashin muke ɗauka ba. Mahauci ne, tela ne, direba ne, ɗan tireda ne, ɗan fansho ne. Gidan da wani ke ciki gado ne na ƙasa da kwano, ba ya kawo masa ko sisi, amma takardar haraji ta same shi kamar yadda ta sami mai bene.

Yana da kyau mu san abin da doka ta ce, domin rashin sani ne ke sa a karɓe mana abin da bai kamata ba. Kuɗin da ake nema a kan gida iri biyu ne. Na ɗaya kuɗin hayar ƙasa, wanda mai takardar mallakar fili ke biyan gwamnatin jiha duk shekara, saboda dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana. Na biyu harajin ginin kansa, wanda dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta sa a cikin jerin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Duk wanda ya zo ƙofar gidanka, Alhaji, kana da ikon ka tambaye shi wanne daga ciki yake nema, wace doka ta yanka adadin, kuma a wane asusu za a zuba. Kada ka miƙa kuɗi a hannu ba rasit.

Ga kuma abin da ya kamata kowa ya riƙe. Tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ƙiyasta gidajen jama'a domin karɓar haraji, a ciki kuma akwai sa hannu wajen samar da ilmin firamare da kula da shi. Wato harajin gidanka da ajin ɗanka a wuri ɗaya aka rubuta su. Haka nan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin wannan, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. Saboda haka mai cewa ginin aji aikin hukuma ne bai yi ƙarya ba.

Iyayenmu dattawa da ke zaune a sahun gaba sun ga zamanin En'e, lokacin da ake bi gida gida ana karɓar haraji da jangali, kuma daga baitulmalin nan ake riƙe makarantun elemantare. Sun kuma ga 1979, sa'ad da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin da jangalin, talakawa suka yi ta murna saboda wulakancin da ke tattare da karɓarsa. Tun daga nan muka saba da jiran kason tarayya. Abin da muka yi asara a tsakani shi ne bakin tambaya, domin wanda bai san ya biya ba, ba ya bin sawu.

Yadda Ake Yi A Wasu Wurare

Wannan sikeli da muke riƙe da shi, wasu ma suna riƙe da shi. A Amurka, a jihohi da yawa, idan hukumar makarantun wani yanki tana son gina sabuwar makaranta, sai ta kai maganar gaban mazauna yankin su jefa ƙuri'a. In sun yarda, sai a ci bashi, a yi gini, a riƙa biya shekara ashirin ko talatin ta hanyar ƙari a kan harajin gidajensu. Can ma ana gardama irin tamu, tsakanin mai 'ya'ya a makaranta da tsohon da ya gama aurar da nasa. A jihar Kalifoniya, da harajin ya yi wa mutane yawa, sai suka jefa ƙuri'a a 1978 suka ƙayyade shi a kashi 1 cikin ɗari na darajar gida. Da makarantu suka shiga matsi, a shekarar 2000 sai suka sassauta: maimakon kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a, kashi 55 cikin ɗari ya isa a amince da bashin makaranta. Amma sun gindaya sharaɗi, cewa sai an lissafa ayyukan da za a yi tun farko, sai an kafa kwamitin 'yan gari mai sa ido, sai kuma an binciki asusun duk shekara. Ku lura da sharuɗɗan nan, za mu dawo kansu.

Nan gida ma gwamnatoci suna cin irin wannan bashi. Jiharmu ta Neja, a zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, ta sayar da takardun lamuni na naira miliyan dubu 6 a 2009 da na miliyan dubu 9 a 2011 domin ayyukan raya ƙasa, da ruwa kashi 14 cikin ɗari. Jihar Osun kuma a 2013 ta tara naira miliyan dubu 11.4 ta hanyar sukuk, wato lamunin da ba ruwa a cikinsa, ta gina makarantu. Bambancin shi ne, a tsarinmu majalisar dokoki ce ke amincewa a madadin jama'a, ba a kiran mai gida ya jefa ƙuri'a. To, ga shi yau a ƙungiyarmu an kira ku. Wannan dama ce, kada mu yi wasa da ita.

Lissafin Hanyoyi Uku

Mun duba hanyoyi uku. Ta farko, mu naɗe hannu mu jira hukuma. Muna da haƙƙin jira, amma yaro ba ya jira. Wanda ke aji biyu yau, nan da shekara huɗu ya gama firamare, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta biyu, mu yi ta tara kuɗi a asusu, sai sun cika mu fara aiki, ba bashin kowa. Wannan ita ce ta fi kwanciyar hankali, sai dai naira ba ta zama wuri ɗaya. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023, a farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama. Kuɗin aji huɗu na bana, in ka ajiye su shekara uku, wataƙila aji biyu za su gina.

Ta uku, mu ci bashi mu yi ginin yanzu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wane irin bashi? Bari mu yi misali. A ce gidaje 300 suka shiga, kuma in an haɗa manya da ƙanana ya kama naira 2,500 kowane gida a wata. Wato 750,000 a wata, miliyan 9 a shekara, miliyan 27 a shekara uku. Idan muka je banki muka karɓi miliyan 20, ku tuna a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa kashi 27.5 ne, na 'yan kasuwa ya fi haka. A ce kashi 30. Ruwan shekarar farko kaɗai miliyan 6 ke nan, kashi biyu cikin uku na abin da muka tara, uwar kuɗi tana nan daram. Malamanmu sun riga sun faɗa mana hukuncin riba, ga shi lissafi ma ya ƙi ta. Don haka wannan ƙofa kwamiti ya rufe ta.

Abin da ya rage shi ne rancen alheri. Wasu daga cikin 'yan kasuwarmu sun nuna za su ba da kuɗi ba ƙari, wasu za su ba da siminti da kwano da katako a kan farashin ranar da aka ɗauka, a biya su sannu a hankali. Magina da kafintocinmu sun ce za su rage ladan aiki, samari kuma za su ɗebi yashi da ruwa ranakun Asabar. Ƙiyasin da magina suka yi yana manne a allon ofishin ƙungiya, kowa ya je ya duba, mai ganin an yi tsada ya kawo nasa.

Wa Zai Ɗauki Kayan?

A nan ne muka fi daɗewa muna gardama a kwamiti, kuma a nan muke roƙon ku saurara da kyau. In aka ce kowane gida, kowa zai ɗauka mai gida ne zai biya. Amma mun san halinmu. Duk abin da aka ƙara wa mai gidan haya, haraji ne ko gudummawa, a ƙarshen shekara yakan sauka a kan ɗan haya, wani lokaci ma har da riba. Ɗan hayan nan kuwa shi ne mai turin baro, shi ne wanda ya gudo daga ƙauye, shi ne wanda muke cewa don ɗansa za mu yi ginin. In muka gina aji, uban yaron ya kasa biyan haya ya kwashe iyalinsa zuwa bayan gari, wa muka gina wa?

Saboda haka shawarar kwamiti ita ce ku jefa ƙuri'ar amincewa, amma bisa sharuɗɗa shida, kuma a rubuta su a jikin takardar ƙuri'ar kanta.

Na ɗaya, kada a yi kuɗin bai-ɗaya. Gidan da mai shi ke zaune ba ɗan haya, naira 1,000 a wata, wato 36,000 a shekara uku. Gida mai 'yan haya ko shago, 2,500. Bene da manyan gidajen haya, 5,000. Mai hali ya ƙara don Allah.

Na biyu, matan da mazansu suka rasu, da gidajen marayu, da tsofaffin da ba su da mai tallafa musu, an ɗauke musu. Liman da mai unguwa ne za su tantance su a asirce, ba za a karanta sunan kowa a taro ba.

Na uku, duk mai gidan haya zai yi alkawari a gaban jama'a cewa ba zai ɗora wannan kuɗi a kan ɗan haya ba. Ɗan hayan da ya ga dama ya ba da abin da ya sawwaƙa da hannunsa.

Na huɗu, ba za a kori yaro ko a hana shi shiga aji don gidansu bai biya ba. Makarantar ta gwamnati ce, doka ta ce kyauta ce, kuma ta kowa ce: ɗan Bagwari, ɗan Banufe, ɗan Bayarabe, ɗan Ibo, Musulmi da Kirista.

Na biyar, kowane rance a rubuta shi da shaidu. Malamai sun tunatar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Asusu a banki, sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace. Masu binciken asusu kada su kasance 'yan wannan kwamiti. Duk wata uku a karanta shiga da fita a taro, a kuma buga a wannan mujalla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na shida, ranar da aka biya bashi, ranar kuɗin ya tsaya. Ba za a mayar da shi wani aiki ba sai da sabuwar ƙuri'a.

Akwai kuma abin da ba za a sa tubali ko ɗaya ba sai an same shi, wato takardar izini daga hukumar ilmi da alkawarin turo malamai. Ƙasar Kenya ta ga wannan bayan samun 'yanci a 1963: jama'a sun gina makarantu masu yawa da aikin gayya, amma da yawa suka yi fama da rashin ƙwararrun malamai. Gini ba ya koyar da yaro. Mu ne da bango da rufi, albashin malami na hukuma ne.

Rasit Da Zamanmu A Minna

Daga ƙarshe, wasu sun kawo shawarar cewa in za mu gina makaranta da kanmu, to mu ƙi biyan harajin gida. Kwamiti bai goyi bayan wannan ba, kuma ga dalili.

Kakanninmu sun biyo layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Sun zo daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, leburori da fatake da mahauta da almajirai, suka tarar da 'yan uwanmu Gwarawa masu gari, aka ba su wuri suka zauna. Limawa da Kwangila da Makera duk shaida ne. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, a nan aka binne iyayenmu, amma har yanzu akwai ranar da ɗanka zai je neman takardar shaidar ɗan ƙasa a tambaye shi asalin kakansa. Abin da ke amsa wannan tambaya a hankali, ba da faɗa ba, shi ne a ga hannunmu a cikin gina gari. Rasit ɗin haraji hujja ce, ajin da muka gina wa 'ya'yan kowa hujja ce.

Don haka mu biya abin da doka ta yanka, mu adana rasit, wanda aka yi wa ƙiyasin da ya wuce kima ya kawo takardarsa ofishin ƙungiya a rubuta ƙorafi tare. Sa'an nan mu tattara kwafin rasit ɗin nan, mu tafi da su wurin kansilanmu da shugaban ƙaramar hukuma, mu kai gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, mu ce ga abin da muka biya, ga abin da muka gina, muna neman malamai da kujeru da gyaran ajin da iska ta yaye. Tun ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka muna da abin tambaya. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Iyayenmu da 'yan uwa, ku koma gida ku yi shawara da iyali, ku ɗauki alƙalami ku auna aljihunku. Wanda ya ga ba zai iya ba ya ce a'a, ba mai zaginsa, domin ƙuri'ar a asirce za a yi ta. Wanda ya ce i, ya sani alkawari ya ɗauka na wata 36. Muna roƙon mazaje su bar iyayenmu mata su fito ranar, su ne suka fi mu sanin abin da yaran ke ciki.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, ya haɗa kanmu a kan alheri.